Gidan haya a birnin Paris: abin da muka auna kafin mu sa hannu

 

 A duk lokacin da muka zo gida hutu, ko muka yi waya da dangi a Damagaram da Yamai, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa: wai me ya sa kuke biyan kuɗin da cikin shekara biyu zai gina muku gida a nan, don ku zauna a wurin da bai kai faɗin zauren mai unguwa ba? Tambaya ce da ta cancanci amsa, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suna da ɗa ko ƙane a Faransa, wasu kuma suna shirin kai iyalinsu can. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana yadda mu, iyali na mutum shida, uba da uwa da yara maza biyu mata biyu, muka nemi gidan haya a Paris a shekarar 2022, da dalilin da ya sa muka zaɓi ƙuntataccen wuri a tsakiyar birni alhali ga mai faɗi a bayan gari.

Yadda ake ƙirga ɗaki a can

Birnin Paris kansa ƙarami ne, faɗinsa murabba'in kilomita 105 ne kawai, amma mutum wajen miliyan biyu ne a cikinsa. Kusan kowa a gidan bene yake, iyali bisa iyali, kuma fiye da rabin gidajen birnin ɗaki ɗaya ne ko biyu. Idan ka ga an rubuta T4 ko F4 a sanarwar haya, ana nufin falo ɗaya da ɗakin kwana uku, ba a ƙirga madafa da banɗaki. Irin wannan shi ne abin da muke nema, kuma ba don ƙawa ba. Shari'a ta umurce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, babbar ɗiyarmu kuwa ta riga ta kai, ƙaninta yana biye da ita. Ɗaki ɗaya na iyaye, ɗaya na mata, ɗaya na maza: ƙasa da haka ba zai yiwu ba.

Hukuma ma tana da nata ma'auni. Wanda yake son a ba shi izinin kawo matarsa da ƴaƴansa, abin da suke kira regroupement familial, dole ya nuna yana da gida mai murabba'in mita 22 na mata da miji a yankin Paris, a ƙara mita 10 a kan kowane mutum guda. Iyali irin namu ke nan sai da mita 62. Wannan ne ya sa za ku ga magidanci ya shekara da shekaru shi kaɗai a can, iyalinsa na nan gida, mutane suna zarginsa da ya manta da su, alhali ɗaki ne ya gagare shi.

Takardu da mai tsayawa

A gida, idan mutum yana neman haya, ya sami dillali ko wani dattijo da ya san shi, a kai shi wurin mai gida, a gaisa, a yi ciniki, ya biya watannin da aka yi alkawari. Mutunci da sanayya su ne jingina. A Paris takarda ce take magana kafin a ga fuskarka. Ana neman katin shaida ko takardar izinin zama, da takardun albashi na wata uku na ƙarshe, da takardar haraji, da shaidar cewa ka biya tsohon mai gidanka. Al'adar masu gidaje kuma ita ce abin da ke shigo wa iyali a wata ya ninka kuɗin haya sau uku. Wannan ba doka ba ce, amma wanda bai cika ta ba da wuya a kira shi.

Bayan haka sai a ce ka kawo garant, wato wanda zai sa hannu cewa idan ka kasa biya shi zai biya. A nan baƙo yake gane nisan gida, domin kawunsa mai dukiya a Maraɗi ba ya cikin lissafin mai gidan. Dokar haya ta 6 ga Yuli 1989 ta hana a ƙi mai tsayawa don kawai ba ɗan Faransa ba ne, ta kuma hana a ƙi mai neman haya saboda asalinsa ko addininsa ko yawan iyalinsa. Amma mai gida da ke da takardun mutum talatin a gabansa ba ya buƙatar ya faɗi dalili. Sau da yawa mun yi waya an ce gida yana nan, da aka ji sunanmu da yawan yara, sai gidan ya zama an riga an bayar da shi tun jiya. Tun 2016 akwai wani tsari mai suna Visale wanda yake tsaya wa matasa da wasu rukunin ma'aikata kyauta, ya kamata ɗalibanmu su san da shi. Mu dai wani ɗan'uwa Musulmi, likita da ya daɗe a ƙasar, shi ya sa mana hannu. Allah ya saka masa da alheri, domin ya ɗauki nauyin da ko ɗan'uwa na jini yakan yi tunani kafin ya ɗauka.

Akwai kuma gidajen gwamnati masu rangwame, waɗanda ake kira HLM. Mun rubuta sunanmu, muna sabunta buƙatar kowace shekara kamar yadda aka shar'anta, amma a cikin Paris jiran irin wannan gida yakan ɗauki shekaru da yawa, yara kuwa ba sa jira kafin su girma.

Gida biyu a gabanmu

Bayan wata biyar ana nema, sai Allah ya kawo gida biyu kusan lokaci ɗaya. Na farko yana bayan gari, can kusa da ƙarshen layin jirgin RER D: murabba'in mita 90, sabon gini, da baranda, da wurin ajiye mota, a kan Euro 1200 a wata. Na biyu yana unguwar Goutte d'Or, a gunduma ta 18 ta birnin: mita 68, tsohon gini, hawa na huɗu, babu na'urar hawa sai matakala, a kan Euro 1600. Da yake Euro ɗaya yana daidai da faran 656 na sefa in an cike, wannan ya kama miliyan ɗaya da jika 50 a kowane wata. Mun san yadda wannan adadi yake faɗuwa a kunnen wanda ke karanta shi a Tawa ko Zangon Yamai, kuma mu ma bai taɓa daina yi mana nauyi ba.

A ido, lissafin ya ƙare tun ba a fara ba: ga faɗi ga rahusa. Amma da muka je muka kwana biyu muna zagaya unguwar bayan garin, sai muka ga abin da sanarwa ba ta faɗa. Daga ƙofar gida zuwa tashar jirgi sai an hau bas. Daga nan zuwa wurin aikinmu awa ɗaya da kwata ne idan komai ya tafi daidai, wato awa biyu da rabi kowace rana ga kowannenmu, awa goma sha biyu da rabi a mako. Masallaci mafi kusa sai da mota, mahauta mai naman halal ma haka. Ke nan sai mun sayi mota, da inshorarta da manta, ga kuma katin jirgi na wata, wanda a 2025 ya kai kusan Euro 89 ga mutum ɗaya. Euro 400 ɗin da za mu rage a haya, hanya za ta cinye mafi yawansa. Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa shi ne wannan: za mu fita yara suna barci, mu dawo sun gaji, kuma duk wanda ba ya tuƙi a gidan, yaro ko tsohuwa ko baƙo, ya zama ɗan kurkuku a cikin mita 90 har sai mai mota ya dawo.

Muka yi shawara da na gaba da mu, muka yi istihara, muka ɗauki ƙaramin.

Abin da ƙafa take kaiwa

Goutte d'Or tana gindin tudun Montmartre, tsakanin babban titin Barbès da layukan dogo na tashar Gare du Nord. Sunanta yana nufin ɗigon zinariya, an ce daga farar giyar inabi da ake nomawa a wurin a zamanin da. Ikon Allah, yau tana cikin unguwannin da Musulmi suka fi yawa a birnin, mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya tun daɗewa, daga baya na Mali da Senegal da sauran ƙasashenmu. Cocin Saint-Bernard da ƴan Afirka marasa takardu suka fake a cikinta har aka fitar da su da ƙarfi a watan Agusta 1996 tana nan cikin unguwar, muna wucewa ta gabanta kullum.

Daga ƙofarmu, makarantar ƙananan yara tafiyar minti huɗu ce. A Faransa adireshinka ne yake zaɓar wa yaronka makarantar gwamnati, kuma tun 2019 karatu ya zama tilas daga shekara uku. Saboda kusancin, yaranmu suna iya dawowa gida su ci abincin rana a tsakiyar yini su koma, ba mu da damuwar abin da aka dafa a kantin makaranta. Kasuwar titin Dejean, kusa da tashar metro ta Château Rouge, minti shida ce: kuɓewa, doya, rogo, manja, busasshen kifi, soɓorodo, goro, har da atamfa a shagunan kewaye. Ranar Laraba da Asabar kasuwar Barbès tana ci a ƙarƙashin gadar metro, inda kayan miya suka fi araha. Ɗakin karatu na unguwa, da filin wasa na Square Léon, da asibitin Lariboisière, duk ƙafa tana kaiwa.

Sai kuma salla, wadda ita ce ginshiƙin lissafin. Wanda bai zauna a arewacin duniya ba, da wuya ya gane yadda lokutan salla suke yawo a can. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai kusan ƙarfe goma na dare, lisha ta wuce sha ɗaya, asuba kuma ta shigo tun kafin ƙarfe biyar, alhali metro ba ya fara aiki sai wajen biyar da rabi. Ke nan a rabin shekara, jam'in asuba na wanda ƙafarsa za ta kai shi ne kaɗai. Masallatan unguwar ƙanana ne, har a da jama'a kan cika titin Myrha ranar Juma'a, kafin hukuma ta hana salla a kan titi a watan Satumba 2011, aka ba su wani tsohon bariki a titin Ney. A 2013 aka buɗe ginin Institut des Cultures d'Islam a titin Stephenson, da ɗakin salla a cikinsa. Duk da ƙuncin wuri, yaro ɗan shekara tara yana iya riƙe hannun babansa su je magariba su dawo kafin tuwo ya huce, kuma da azumi uwa da ƴaƴanta mata suna zuwa asham da ƙafa su dawo da ƙafa. Yaron da ya tashi yana ganin masallaci a hanyarsa ta kullum daban yake da wanda ake ɗauka a mota sau biyu a shekara.

Masana tsara birane a can suna da suna ga wannan. Wani malamin jami'a, Carlos Moreno, ya kira shi birnin minti goma sha biyar a 2016, magajiyar gari Anne Hidalgo kuma ta sa shi cikin manufofinta a zaɓen 2020: wato mutum ya sami buƙatunsa na yau da kullum cikin tafiyar kwata ɗin awa daga gidansa. Da muka ji bayanin sai muka yi murmushi, domin haka Birni da Zangon Damagaram suke tun kafin a haifi kakanninmu. Masallaci a bakin ƙofa, makarantar allo a zauren maƙwabci, mai tebur a kusurwa, kasuwa a ƙafa. Abin da muka biya kuɗi mai yawa muka saya a Paris, shi ne abin da muka tashi a cikinsa kyauta.

Abin da muka rasa

Kada mai karatu ya zaci aljanna muke kwatantawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Unguwar tana da hayaniya dare da rana. A bakin tashar Barbès akwai masu sayar da taba ta bayan fage, a wasu lunguna akwai masu shaye-shaye, kuma mun koya wa yara titunan da za su bi da waɗanda ba za su bi ba. Gidan ba shi da zaure, saboda haka baƙo namiji idan ya shigo, falon da ake cin abinci shi ne wurin saukarsa, mata su koma ɗaki. Babu tsakar gida, babu inda za a shanya wanki a rana, babu inda za a ɗaure rago. Dokar ƙasar ma ta hana yanka a gida, layya sai a mahautar da hukuma ta amince da ita, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke aiko da kuɗin a yanka a nan gida a raba wa dangi.

Matakalar ma jarrabawa ce. Da Hajiya, kakar yara, ta zo mana ziyarar wata uku, bayan mun karɓo mata takardar masauki daga ofishin magajin gari, sau ɗaya take sauka a yini saboda gwiwa. Amma idan ta sauka, takan tafi kasuwa da kanta, ta zauna a benci da tsofaffi ƴan Mali da Gine suna gaisawa da hannu da ƴan kalmomin Larabci, ta yi azahar a masallaci, ta dawo da labari. Da a can bayan gari ne, da wata ukun nan ta yi su a bakin taga.

Haƙƙin maƙwabci a gidan bene

A gidan bene maƙwabci ba a gefe kawai yake ba, akwai wanda ke bisa kanka, akwai wanda ke ƙarƙashin ƙafarka. Rufinsa shi ne daɓenka. Wata dattijuwa ƴar Mali ta gargaɗe mu tun makon farko: kada a yi daka a turmi a kan katako, kada yara su yi guje-guje bayan ƙarfe goma na dare, kuma a kula da ruwan alwala, domin banɗakin tsofaffin gidaje ba a yi shi don a zuba ruwa a ƙasa ba, abin da ya zube a wurinka a silin na ƙasa zai fito. Shi ya sa doka ta wajabta wa ɗan haya inshorar gida. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci ba tare da ya tambayi addininsa ba, kuma mun ga amfanin haka a zahiri. Tsohuwar Bafaransar da ke ƙasa da mu, babban ɗanmu ne yake ɗaukar mata kaya zuwa hawa na uku, ranar salla kuma kwanonta yana cikin waɗanda ake fara fitarwa. Yau ita ce take ajiye mana mabuɗi idan mun yi tafiya.

Akwai kuma zumunci, wanda yake neman wuri a gidan da ba shi da wuri. Doka ba ta yarda mai gida ya hana ka saukar da danginka ba, amma ta hana ka ba wani haya a cikin hayarka ba tare da rubutaccen izininsa ba. Ɗalibi ya sauka a falonmu mako biyu ko uku har ya sami ɗaki, wannan mun yi shi sau da yawa da farin ciki. Amma idan ɗan'uwanku na can ya ce ba zai iya riƙe mutum shekara ba, muna roƙonku kada ku ɗauka rowa ce.

Nasiha ga mai shirin kai iyali

Ga wanda Allah ya nufa da irin wannan tafiya, ga abin da ya kamata ya sani. Yarjejeniyar hayar gida marar kaya shekara uku ce idan mai gidan mutum ne ba kamfani ba, kuma kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata ɗaya. Ranar shiga ana zagaya gida a rubuta halin da kowane ɗaki yake ciki, kada ka sa hannu sai an rubuta duk tsaga da duk tabo, domin da wannan takarda za a yi maka hisabi ranar fita. A watan Yuli 2019 aka sake kafa tsarin ƙayyade kuɗin haya a Paris, inda aka sa wa kowace unguwa da kowane irin gida ma'auni, ba a yarda a haura shi da fiye da kashi 20 cikin ɗari ba sai da dalili na musamman. Ofishin ADIL yana ba da shawarar doka kyauta, a je a tambaya kafin a biya. A tambayi yadda ake ɗumama gidan, domin kuɗin wuta a lokacin sanyi yana iya zama haya ta biyu, kuma tun Janairu 2025 an hana bayar da sabuwar haya a gidajen da aka yi wa maki G, wato mafi zubar da zafi. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya da ƙarfi, amma bashin yana nan, kuma Musulmi ba ya fakewa da sanyi ya ci haƙƙin mai gida.

A guji waɗanda Faransawa ke kira masu sayar da barci, masu cusa iyalai a ruɓaɓɓun gine-gine ba takarda. Duk matsin da ake ciki, a duba wayoyin wuta da matakala da hanyar fita. A watan Agusta 2005 gobara ta tashi a wani tsohon gini a titin Vincent-Auriol inda iyalai ƴan Afirka suke zaune, mutum 17 suka rasu, 14 daga cikinsu yara ne. Allah ya jiƙansu.

Daga ƙarshe, kafin ka tambayi faɗin ɗaki, ka sauka ƙasa ka taka unguwar da ƙafarka, da safe da kuma bayan magariba. Ka ƙirga mintunan da ke tsakanin ƙofar da masallaci, da makaranta, da kasuwa, da likita, ka tambayi kanka ko matarka da ƙaramin ɗanka za su iya wannan tafiya ba tare da kai ba. Ba mu ce kowa ya bi zaɓinmu ba. Akwai ƴan'uwa a bayan gari da suka haɗa kai suka gina masallatai da makarantun Islamiyya masu kyau, suna zaune lafiya, kowa da halin aljihunsa da na aikinsa. Mu ma ba mu da tabbacin daɗewa, domin unguwar tana ƙara tsada, tsofaffin iyalai suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kuma doka ta ba mai gida damar karɓar abinsa a ƙarshen yarjejeniya idan zai sayar ko zai zauna a ciki, muddin ya ba da sanarwar wata shida. Yaranmu suna kwana a gadaje masu hawa biyu, suna yin aikin makaranta a teburin cin abinci, amma sun san limamin unguwa, shi ma ya san sunayensu.

Allah ya ba duk mai neman matsuguni matsuguni na alheri, ya haɗa mu da maƙwabta nagari, ya shirya mana zuriya a gida da waje, ya kuma mayar da matafiya ga danginsu lafiya.